Ba Kowane Ciwon Gaɓɓai Ne Sanyi Ba

Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Ɓaɓura, in mace ta ce gaɓɓanta na ciwo, amsa ɗaya ake ba ta: sanyi ne. In zazzaɓi ya biyo baya, a ce maleriya. In ya ƙi tafiya, a yi gwaji a ce taifot. Bayan wata shida, gashi na zuba, fuska ta kumbura, sai magana ta koma kan sammu ko iska. A cikin irin waɗannan majinyata akwai waɗanda ke fama da cututtukan da garkuwar jiki ce da kanta ke haddasa su.

Allah Ya sanya wa jini wasu sinadarai masu kama ƙwayoyin cuta su hallaka su. Wani lokaci garkuwar kan rikice, ta daina bambance na gida da baƙo, ta far wa gaɓɓai da fata da ƙoda da huhu. Daga nan ake samun cutar lufus, da amosanin gaɓɓai mai karkatar da yatsu, da cutar da ke sa fata ta ɗame ta yi tauri, da wadda ke busar da ido da baki. Ba a ɗaukar su daga wani, kuma ba gadon kai-tsaye ba ne kamar sikila, ko da yake sukan fi yawa a wasu dangi. Mata suka fi kamuwa: a lufus, kusan tara cikin goma mata ne, yawanci masu shekarun haihuwa.

An daɗe ana ɗauka cewa waɗannan cututtuka ba su cika kama mutanenmu ba. A 1968 likita Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya rubuta cewa ba safai ake ganinsu a Nijeriya ba. Daga baya likitocin gaɓɓai na ƙasar nan, irin su Farfesa Olufemi Adelowo na Legas, suka nuna cewa majinyatan suna nan, gano su ne ba a yi.

Alamomin da ya kamata su sa a tashi tsaye sun haɗa da gaɓɓan yatsu da wuyan hannu da suka kumbura a hagu da dama har sama da mako shida, da sandarewar jiki da safe wadda ba ta saki sai rana ta ɗaga. Akwai ƙuraje ko tabo a kumatu da karan hanci masu tsananta bayan an yini a rana, da gyambon baki, da zubar gashi, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Akwai fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa, da yatsun da ke sauya launi suna zogi a lokacin hunturu. Ɓari a kai a kai ma na iya zama alama.

Likita kan fara da gwaje-gwaje masu sauƙi waɗanda ake yi a babban asibiti irin na Kazaure ko na Ɓaɓura: ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin ƙoda, da gwajin fitsari. Kada a raina na fitsarin saboda arharsa, shi ke fara tona asirin lufus in ta taɓa ƙoda, tun mai ita ba ta ji komai ba. In zato ya yi ƙarfi, sai a tura majinyaci asibitin ƙwararru, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda za a nemi gwajin sinadaran garkuwa.

Na farko a cikinsu shi ne ANA. Ana tsarma ruwan jinin majinyaci, a zuba a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke kan gilashi, a duba da madubin likita a ga ko za su yi haske. Lambobin da ake gani a takarda, 1:40 ko 1:80 ko 1:640, suna nuna iya tsarmawar da aka yi sinadarin bai ɓace ba. Yawan lambar, yawan ƙarfinsa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na masu lufus gwajin kan nuna musu. Amma wani bincike na 1997 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku masu ƙoshin lafiya ma yakan nuna a matakin 1:40, kuma kusan biyar cikin ɗari a 1:160. Ma'aunin gane lufus da likitocin Turai da Amurka suka fitar a 2019 ya ɗauki 1:80 a matsayin ƙofar shiga bincike kawai. Gwajin shaida ne, likita ne alƙali, kuma ba a yanke hukunci da bakin shaida ɗaya.

Saboda haka ake bin ANA da wasu gwaje-gwajen. Anti-dsDNA da anti-Sm sun fi nuna lufus, na farkon kuma yakan tafi tare da ciwon ƙoda. Anti-CCP ya fi wani gwajin da ake kira RF tabbaci wajen gane amosanin gaɓɓai, domin RF kan nuna ga mai tarin fuka, ko ciwon hanta, ko wanda ya sha fama da maleriya, har da tsoho lafiyayye. Anti-Ro na da muhimmanci ga mai juna biyu, saboda yakan ratsa mabiyiya ya taɓa bugun zuciyar ɗan tayi, ko da yake ba kasafai ba. Mai yawan ɓari ko daskarewar jini a jijiya ana yi mata gwajin antifosfolifid, kuma ba a tabbatar da shi sai an maimaita bayan mako 12. Magidanta su sani: lufus kan sa gwajin tunjere ya nuna alhali babu cutar. Kada aure ya mutu a kan takardar da ba a tantance ba.

Ga inda ake yin kuskure. Wani kan je ɗakin gwaji da kansa ya zuba kuɗi masu yawa, ya ga an rubuta cewa ya nuna, ya shiga tashin hankali alhali lafiyarsa ƙalau. Wani kuma gwaji bai nuna ba, sai ya watsar da asibiti, bai san akwai masu amosanin gaɓɓai da jininsu ba ya nuna komai ba. Mafi muni shi ne zaman kemis. Haɗin da ake ba mai ciwon jiki sau da yawa akwai deksa ko firedinisolon a ciki, dangin abin da ake kira sha-ka-fashe. Zogi kan lafa, mutum ya ɗauka ya warke, cutar kuwa na ci ta ciki, ga hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi sun ƙaru. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, hakan na iya kai shi kushewa. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. Diklofenak da danginsa ma suna ƙara wa ƙoda mai rauni lahani.

Waɗannan cututtuka ba a raba mutum da su baki ɗaya, amma ana danne su har a yi karatu da sana'a da aure da haihuwa. Haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan tsohon maganin maleriya, shi ne ginshiƙin maganin lufus, mai shan sa kuma yana buƙatar duba ido lokaci-lokaci. Metotireset sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma an hana shi ga mai ciki da mai neman ciki. Mai lufus ta rage zama cikin rana, ta nemi shawarar likita kafin ta ɗauki ciki.

Mai zuwa asibiti ya tattara duk takardun gwajin da ya taɓa yi da kwalayen magungunan da ya sha, har na gargajiya, ya faɗi gaskiyar lokacin da ciwon ya soma. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma, in an yi wa mutum maganin maleriya da taifot sau biyu ko uku bai samu sauƙi ba, su duba fitsarinsa su tura shi gaba. Yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa da magani, ƙodar da ta mutu kuma sai wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Kuɗin mota zuwa Kano a watannin farko ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.