Idan Hannu Biyu Suka Gyara Layi Ɗaya: Haɗe Bayanan Harshe a Git

Jerin kalmomin da ake tattarawa domin ƙamus ko nazarin karin harshe ba safai mutum ɗaya yake rubuta shi ba. Mai bincike na iya kasancewa a Zabori ko Gaya cikin jihar Doso, yankin da Hausa take cuɗanya da Zabarmanci da harshen Dendi, abokin aikinsa kuwa yana Kano, kowa da kwafinsa. A lokacin mayar da kwafin biyu su zama ɗaya ne bayanai suke salwanta ba a ankara ba. Manhajojin adana tarihin gyare-gyare, irin su Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, da Mercurial da ta fito a wannan shekarar, suna da tsari na musamman game da hakan.

Git ba ta tsayawa ga kwatanta kwafin biyu da juna. Takan nemo tushen da suka rabu daga gare shi, sannan ta auna kowanne da wannan tushe, layi bayan layi. Wanda ya saba da kwatanta 'yan'uwan harsuna zai ga dabarar ba baƙuwa ba ce, illa dai a nan tushen ajiye yake, ba sai an farfaɗo da shi ba. Layin da ɓangare ɗaya kaɗai ya sauya, sai a ɗauki sauyin. Wanda duka biyun suka sauya ta hanyoyi dabam, sai manhajar ta dakata, ta kewaye shi da alamomi, ta bar wa mutum hukunci.

A ƙaddara tushe yana ɗauke da kalmar fari. Na Zabori ya mayar da ita hwari, kamar yadda ake ji a Hausar yamma. Na Kano ya bar baƙin yadda yake, ya ƙara alamar tsawon wasali. Saɓani ya auku ke nan. A tsarinta na asali, Git gyare-gyaren biyu kawai take nunawa. Idan aka saita merge.conflictStyle zuwa diff3, sai ta nuna har da layin tushe, kuma da shi ne ake gane cewa gyare-gyaren ba kishiyoyin juna ba ne: ɗaya karin harshe ya shafa, ɗayan ƙa'idar rubutu.

Zaɓin -X ours yana warware kowane saɓani da fifita kwafin mai haɗewa, ba tare da tambaya ba. A bayanan harshe wannan ganganci ne, domin hwari za ta ɓace, kuma da ita shaidar da aka yi tafiyar dominta. Zaɓin -s ours ya fi shi ɓarna, don yana watsar da dukkan gyaran ɗaya ɓangaren. Akwai kuma merge=union da ake rubutawa a fayil ɗin .gitattributes, wanda yake ajiye layukan biyu tare. Ya dace da jerin da kowane layi yake cin gashin kansa, amma yakan haifar da maimaici.

Rashin saɓani ma ba shaidar lafiya ba ne. Nijar tana rubuta ƴaƴa, Nijeriya tana rubuta 'ya'ya. Idan na Kano ya bi fayil ya sauya kowace ƴ, duk layin da abokinsa bai taɓa ba zai wuce shiru. Haka nan wasalin à mai alamar karin sauti yana iya zama harafi guda a tsarin Unicode, ko harafi da alama a haɗe. Ido ba ya bambance su, Git kuwa tana ganinsu dabam, sai a yi ta samun saɓani a inda babu shi. Maganinsa shi ne a yarda da siga ɗaya, NFC ko NFD, tun kafin a fara aiki.

Manhajar ƙamus ta FLEx, ta ƙungiyar SIL, ta bi wata hanyar. Tsarinta na musayar bayanai a kan Mercurial aka gina shi, amma yana la'akari da sassan bayanin kalma maimakon layuka. Idan an yi saɓani, yakan zaɓi gyara ɗaya ya rubuta rahoto a kan ɗayan, kuma gyaran da aka kayar yana nan cikin rahoton har sai wani ya buɗe ya duba.