Kafin ka sayi anemoni don kifin Nemo, karanta wannan



Yau za mu ɗan ajiye tarwaɗa da kaji, mu leƙa kiwon kifin ado na ruwan gishiri. Matasa da yawa suna ganin bidiyon wani ɗan kifi ruwan lemo mai farar ɗamara yana birgima cikin wani abu kamar fure, sai sha'awa ta kama su. Wannan kifi shi ne kilawun, wanda fim ɗin yara na Finding Nemo da ya fito a 2003 ya sa aka fi saninsa da kifin Nemo. Abin da yake birgima a ciki kuma sunansa anemoni. Wanda aka fi saya a kasuwar kifin ado shi ne babul-tif, mai ɗan kumburi kamar balan-balan a ƙarshen yatsunsa. Sunansa na kimiyya Entacmaea quadricolor.

Ga abin da nake so ya zauna maka tun daga farko: kifin yana da juriya, anemonin kuma ɗan lele ne. Wanda ya saye su rana ɗaya ya zuba cikin sabon tanki, ya ɗauko hanyar asara.

Mene ne anemoni?

Dabba ne, duk da kamarsa da fure. Dangin murjani ne. Yana da ƙafa ɗaya mai faɗi da yake mannewa da ita cikin tsagar dutse, da baki ɗaya a tsakiya, da yatsu masu harbi kewaye da bakin. Babba yakan kai santimita 30 a faɗi. Gidansa na asali tekun Indiya ne da yammacin tekun Fasifik, daga Bahar Maliya ta gaɓar Sudan da Saudiyya har zuwa Japan da Ostireliya. Tekun Atalantika da Legas take bakinsa ba shi da kifin kilawun ko ɗaya. Kenan duk wanda ka gani a shago a ƙasar nan, ko dai daga waje aka shigo da shi, ko kuma a tanki aka haife shi. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka harkar ba ta arha ba ce.

Sirrin rayuwarsa yana cikin fatarsa. Akwai wata ƙananar gansakuka da ido ba ya gani da take zaune cikin namansa. Ita take amfani da haske ta haɗa abinci kamar yadda ganyen masara yake yi, anemonin ya ci daga ciki. Idan haske ya yi ƙaranci ko ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai gansakukar ta fice, anemonin ya koma fari fat. Wani sai ya ɗauka kyau ne, alhali yunwa ce take cinsa.

Yadda suke zama da kifin

Jikin kilawun yana da wani yauƙi da yake kare shi daga harbin anemoni. Shi yana samun maɓoya, shi kuma anemonin yana samun mai gadi da yake korar kifayen da suke cizon yatsunsa, kashin kifin kuma ya zama taki ga gansakukar nan. A cikin nau'o'in anemoni fiye da 1,000 da suke teku, kusan 10 ne kawai suke karɓar kilawun. Babul-tif yana karɓar nau'in kilawun fiye da 10, irin su mai jan tumatir, da mai ruwan goro, da na Bahar Maliya mai ɗamara biyu.

Sai dai a lura: ainihin nau'in Nemo, wato Amphiprion ocellaris, ba babul-tif ne gidansa a teku ba. A tanki sau da yawa yakan shiga, wani bayan kwana kaɗan, wani bayan watanni, wani kuma ya ƙi sam ya je ya liƙe wa kusurwar gilashi. Duk mai sayarwar da ya rantse maka cewa dole sai ya shiga, ciniki yake nema.

Ruwan da yake so

Gishirin girki ba ya wannan aiki. Akwai gishirin teku na musamman da ake sayarwa, wanda aka haɗa da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadarai. Ana kwaɓa shi da ruwan da aka tace da matatar RO, don ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da abubuwan da tarwaɗa za ta jure amma anemoni ba zai jure ba. Ga ma'aunin da ake bi:

Gishiri: kusan giram 35 a kowace lita, wato 1.024 zuwa 1.026 a na'urar awon gishiri.
Zafi: digiri 24 zuwa 27.
pH: 8.1 zuwa 8.4.
Amoniya da naitirait: sifili.
Naitiret: kaɗan, kada ya wuce 10 sosai.
Girman tanki: lita 110 zuwa sama.
Haske: fitilar LED ta tankin murjani, awa 8 zuwa 10 kullum.

Abubuwa biyu da sabon shiga yake mantawa. Na ɗaya, idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan ne ya tafi, gishirin yana nan. Don haka da tataccen ruwa mara gishiri ake cikowa, in ba haka ba gishiri ya yi ta hawa. Na biyu, duk maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe guba ne ga anemoni. Ko ɗigo kada ya shiga tankin.

Me ya sa ake jira wata 6?

Duk mai rainon 'yan tsaki ya san ba a kawo su sai an ɗumama ɗaki. Haka nan ma. Sabon tanki ba shi da ƙwayoyin bakteriya masu juya amoniya zuwa naitirait, su kuma juya naitirait zuwa naitiret. Makonni 4 zuwa 6 sukan isa su fara aiki har a iya saka kifi. Amma ruwan yakan ci gaba da hawa da sauka na tsawon watanni, kuma wannan canje-canjen ne anemoni ya fi tsana. Shi ya sa masu harkar suke cewa a jira aƙalla wata 6, wasu ma shekara. A wannan lokaci kai ma kana koyon awo da canjin ruwa, kashi 10 cikin 100 duk sati ko sati biyu.

Wuta da zafi, nan gizo yake saƙa

A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Ruwan tanki idan ya dinga wuce 30, farin nan da muka ambata zai fara. Dole ka tanadi na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC, lokacin hunturu kuma hita. Ga fitila, ga famfon motsa ruwa, ga matata, duka suna son wuta ba yankewa. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, idan famfo ya tsaya na wasu awanni kifi zai fara haki. In ba ka da sola da batirin da zai kwana yana aiki, gaskiya ka dakata tukuna.

Zaɓe da sakawa

Ka duba baki: a rufe yake, a matse. Wanda bakinsa ya wangale ko hanjinsa ya leƙo, bar shi. Ka duba ƙafa: kada a samu yagewa. Launi ya zama ƙasa-ƙasa, kore ko ja, ban da fari. Ka fi ba wanda aka haifa a tanki fifiko, ya saba da zaman gilashi, kuma ba a ɓamɓaro shi daga teku an bar kifinsa ba gida ba.

Idan ka kawo shi, ka dinga ɗiga ruwan tankinka cikin nasa a hankali na kusan awa ɗaya. Ka rage ƙarfin famfo, ka ajiye shi kusa da tsagar dutse. Yana tafiya da ƙafarsa, zai zagaya har ya samu inda haske da motsin ruwa suka yi masa. Kada ka fizge shi ka mayar inda kake so, ƙafar na yagewa ciwo ya shiga. Kuma ka rufe bakin kowane famfo da raga ko soso, domin in ya faɗa ciki ya markaɗe, ruwan duka zai iya lalacewa cikin dare ɗaya.

Abinci da alamun matsala

Sau ɗaya ko biyu a sati, ka ba shi ɗan guntun ɗanyen jatan lande ko kifin teku, bai wuce girman ƙwayar wake ba. Babban yanki amai zai yi da shi ya ɓata ruwa. Idan ka ga ya yamushe na wasu awanni sannan ya sake buɗewa, kada hankalinka ya tashi, yana canza ruwan cikinsa ne ko yana fitar da kashi. Abin tsoro shi ne ya kwana biyu a yamushe, ya saki dutse, namansa ya fara narkewa da wari. Nan take ka cire shi, ka canza ruwa mai yawa, tun kafin ya tafi da kifayenka.

Ina kuɗin yake?

Kilawun ba ya buƙatar anemoni kafin ya rayu ko ya yi ƙwai. Gonakin da suke haifar da su, irin su ORA a jihar Fulorida ta Amurka, a kan tukunyar ƙasa ko tayil kifayen suke zuba ƙwai. Duk kilawun namiji ake haifarsa, wanda ya fi girma a cikinsu sai ya koma mace, don haka ƙanana biyu sukan zama ma'aurata. Namijin ne yake gadin ƙwan, ya ƙyanƙyashe da dare bayan kusan kwana 7 zuwa 10. 'Ya'yan suna fara cin ƙananan halittun ruwa da ake kira rotifa, daga baya su koma atimiya, irin wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka sani. Shi ma babul-tif idan ya samu kulawa yakan tsage gida biyu da kansa, ka samu na sayarwa.

To ga tsarin da nake ba da shawara. Ka fara tabbatar da wuta. Ka nemi mai saye tun kafin ka kashe ko kwabo, ka zagaya shagunan kifin ado da otal-otal ka ji me suke nema da nawa suke biya. Sannan ka haɗa tanki, ka saka kilawun biyu, ka dinga rubuta awon ruwa a littafi duk sati. Ranar da ka duba littafin ka ga wata 6 lambobin ba su yi tsalle ba, ranar ce za ka je neman anemoni.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya kare mu daga asara. Amin.