Takin Zamani da Ruwan Lagun

Duk mai shiga bato daga Treichville ya san kainuwar da kan rufe lagun ɗin Ébrié. Abincinta azot ne, wanda 'yan Najeriya ke cewa naitirojin. Dattin gari na kawo shi, takin gona ma ruwa na kwaso shi ta kogin Comoé. In ciyawar ta ruɓe, sai kifi ya rasa iskar numfashi.

Kashi 46 cikin ɗari na takin yuriya azot ne. Amma in an watsa shi bisa ƙasa, sau da yawa shuka ba ta shan ko rabi: wani ya bi iska, wani ya bi ruwa. Manomi ya biya buhu guda, ya ci moriyar rabi, wannan ai asara ce.

A 2015 Indiya ta wajabta a riƙa shafa wa yuriyarta man darbejiya. I, darbejiyar nan da muke shan inuwarta in mun je Maraɗi! Man yana hana taki saurin rikiɗa ya bi ruwa, sai shuka ta sha a hankali.

Masu shinkafa kuwa suna binne dunƙulen yuriya cikin laka, tsakanin shuka huɗu. Yana rage ɓarna sosai, sai dai sunkuyon ba sauƙi.