Yadda Dokar ESSA Ta Sauya Tsarin Auna Makarantun Gwamnati A Amurka

A ranar 10 ga Disamban 2015 ne Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a kan dokar ilimi da aka fi sani da ESSA, wadda ta sauya yadda ake auna ƙwazon makarantun gwamnati a Amurka da yadda ake hukunta waɗanda suka gaza. Sanatoci 85 ne suka amince da ita, 12 suka ƙi. Ba kasafai jam'iyyun Democrat da Republican ke haɗa baki haka ba, amma a wannan karon dukkansu sun gaji da dokar da ake aiki da ita.

Abin da ya kayar da tsohuwar doka

Tsohuwar dokar ita ce No Child Left Behind, wato kada a bar yaro ko ɗaya a baya, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002. Ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, kwatankwacin aji biyu na ƙaramar sakandare, da kuma sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kuma tilasta fitar da sakamakon 'ya'yan talakawa da masu buƙata ta musamman da tsirarun ƙabilu daban, domin kada makaranta ta ɓuya a bayan makin yara masu hali.

Inda gizo ke saƙa shi ne burin da dokar ta gindaya, cewa kowane ɗalibi ya kai matsayin ƙwarewa zuwa shekarar 2014. Makarantar da ta kasa cim ma adadin da aka yanka mata shekara biyu a jere, sai a ba iyaye damar sauya wa 'ya'yansu makaranta. Idan gazawar ta kai shekara biyar, sai a shiga shirin yi mata garambawul, wanda kan iya kai wa ga sallamar malamai ko miƙa ta ga wata hukuma.

Da wa'adin ya matso, makarantu da dama, har da waɗanda iyaye ke yabawa, sun faɗa jerin masu gazawa. Malamai suka koka cewa aikinsu ya koma horar da yara cin jarrabawa, darussa irin su tarihi da zane kuwa suka rasa lokaci. A birnin Atlanta, binciken da jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya gano cewa an riƙa goge amsoshin ɗalibai ana gyarawa a makarantu 44, kuma a 2015 kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi.

Abin da ya sauya

Sabuwar dokar ba ta soke jarrabawar shekara-shekara ba, ba ta kuma daina fitar da sakamakon kowane rukuni daban ba. Abin da ta cire shi ne burin kashi 100 cikin 100 da jerin hukuncin da gwamnatin tarayya ke shimfiɗawa. Yanzu kowace jiha ce ke tsara burinta da ma'auninta, sannan ta miƙa wa Ma'aikatar Ilimi ta tarayya don amincewa.

Dole ne ma'aunin ya ƙunshi sakamakon jarrabawa, da yawan masu kammala sakandare, da ci gaban yaran da ke koyon Turanci, da kuma aƙalla abu ɗaya da ba na jarrabawa ba. Mafi yawan jihohi sun zaɓi yawan fashin makaranta, inda ake ƙidaya yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu. Jihohi da dama kuma suna duba irin ci gaban da ɗalibi ya samu daga bara zuwa bana, wanda ya fi yi wa makarantun unguwannin talakawa adalci, domin yaransu kan fara ne daga baya.

Har ila yau, aƙalla duk shekara uku, jiha za ta zaƙulo kashi biyar cikin 100 mafi rauni daga makarantun da ke karɓar tallafin tarayya na 'ya'yan talakawa, da duk sakandaren da kashi ɗaya bisa uku na ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa. Hukumar ilimi ta yankin ce za ta tsara gyaran. Dokar ta kuma wajabta bayyana kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi a kowace makaranta.

Kowace jiha da nata salon

Jihar Florida, wadda ta fara ba makarantu maki daga A zuwa F tun 1999, ta ci gaba da hakan, Texas ma ta bi sahu. Kaliforniya kuwa ta ƙi maki ɗaya, ta fito da allon launuka biyar, daga shuɗi zuwa ja, ga kowane ɓangare. Masu goyon bayan harafi ɗaya na cewa uba ko uwa za su fahimta da kallo ɗaya. Masu suka na cewa harafin ya fi nuna arzikin unguwa fiye da ƙoƙarin malamai, kuma yana shafar farashin gidaje da inda ƙwararrun malamai ke yarda su yi aiki.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata da masu buƙata ta musamman sun nuna fargabar cewa wasu jihohi za su sassauta ma'auni don rufa wa kansu asiri. Sai dai komawar iko hannun jihohi ba ya nufin hukunci ya ƙare. A 2023, hukumar ilimi ta Texas ta yi amfani da dokar jihar ta karɓe ragamar makarantun Houston, gundumar ilimi mafi girma a jihar, ta sauke zaɓaɓɓun wakilanta ta naɗa wasu. Daga cikin manyan dalilan da ta bayar akwai sakandare ɗaya, Wheatley, wadda ta shafe shekaru a jere tana samun makin gazawa.