Hattara da Alkawarin Soke Harajin Mota: Abin da Ya Faru a Ghana

Duk lokacin da gwamnati ta sa haraji a kan abin hawa, 'yan adawa ne kan fara ɗaga murya, kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa. Sai dai mai mota da ɗan acaba su sani cewa soke haraji daban, sauƙin aljihu daban. Wanda yake son ganin haka ƙarara ya dubi Ghana daga 2018 zuwa 2025, inda manyan jam'iyyu biyu, NPP da NDC, suka yi musanyar kujera, suka kuma yi musanyar baki.

A tsakiyar 2018 ministan kuɗi na gwamnatin Nana Akufo-Addo ta NPP, Ken Ofori-Atta, ya kawo harajin motocin alfarma. Duk motar da girman injinta ya kai cc 2,950 zuwa sama za ta riƙa biyan sidi 1,000 zuwa 2,000 a shekara, wajen rajista ko sabunta takardar lafiyar mota. Sunan ya yi daɗin ji, kamar attajirai kaɗai abin zai shafa. Amma da yake girman inji aka duba ba darajar mota ba, sai tsohuwar akwala mai babban inji ta faɗa ciki, sabuwar mota mai tsada da ƙaramin inji kuwa ta tsallake. Dillalan motoci suka yi zanga-zanga a Accra, NDC ta yi alkawarin soke shi, kuma a Yulin 2019 gwamnati da kanta ta janye shi. Shekara guda ya yi a duniya.

A Nuwamban 2021 aka sake wani salon. Gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin tolget a manyan hanyoyi, direbobi suka yi murna. A cikin kasafin kuɗin da ya zo da wannan albishir kuma akwai sabon haraji a kan tura kuɗi ta waya, wanda aka sani da E-Levy. A lokacin majalisa ta rabu kusan biyu daidai, kowace jam'iyya na da kujeru 137, sai ɗan majalisa ɗaya mai zaman kansa, har ta kai ga ba hamata iska a zauren majalisar a watan Disamba. A Maris na 2022 aka zartar da shi a kan kashi 1.5 cikin ɗari, bayan 'yan NDC sun fice. Wato an ɗauke wa mai mota kuɗin hanya, an ɗora wa mai tallan koko da ke tura wa mahaifiyarta kuɗi ƙauye, alhali ko keke ba ta da shi.

Daga nan tattalin arziki ya durƙushe. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ƙasar ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, sannan a Mayun 2023 ta shiga shirin rancen dala biliyan 3 na asusun IMF, wanda ke buƙatar a ƙara kuɗin shiga. Cikin wannan hali aka fara karɓar harajin hayaƙi a Fabrairun 2024: babur da mai ƙafa uku sidi 75 a shekara, ƙananan motoci 150, masu babban inji da manyan motocin kaya 300. An ce don kare muhalli ne, amma kowa ya san lalitar gwamnati ce ta bushe. Ƙungiyar direbobin haya ta GPRTU ta yi barazanar ƙara kuɗin mota, John Mahama na NDC kuma ya sa soke harajin cikin alkawuran yaƙin neman zaɓensa.

A yi masa adalci, ya cika alkawari. Ya ci zaɓe a Disamban 2024, ministan kuɗinsa Cassiel Ato Forson ya gabatar da kasafi a Maris na 2025, kuma a farkon Afrilu aka sa hannu kan soke harajin hayaƙi da E-Levy da harajin caca. To, wata biyu kacal bayan haka, a farkon Yuni, gwamnatin ta kai wa majalisa ƙudurin gaggawa na ƙara sidi ɗaya a kan kowace litar fetur da dizal, domin biyan bashin ɓangaren wutar lantarki. Ranar da aka gabatar da shi aka zartar. Wannan karon 'yan NPP ne suka fice daga zauren, suna kiransa harajin dumsor, sunan da mutanen Ghana ke kiran ɗauke-ɗauken wuta. Ya fara aiki a tsakiyar Yuli.

Yanzu a ɗauko alƙalami. Ɗan acabar da ke unguwar Nima ko Aboabo a Ghana wanda ke shan lita uku a rana, cikin kwana 25 ya biya sidi 75, daidai abin da harajin hayaƙi ke karɓa a wurinsa a shekara guda. An gudu ba a tsira ba. Bambancin kawai shi ne wancan harajin yana da rana da rasit da layi, shi ya sa yake da ciwo, shi ya sa kuma yake da daɗin kamfe. Wannan kuwa yana ɓoye cikin farashin gidan mai. Gwamnati ta kafa hujja da cewa darajar sidi ta tashi, farashin mai ya sauka, saboda haka jama'a ba za su ji ƙarin ba. Hujjar na da ƙamshin gaskiya a lokacin, amma darajar kuɗi hawa da sauka take yi, sidi ɗayan nan kuwa yana rubuce a doka.

Ba ana cewa adawa da haraji wasan yara ba ne. Ba don hayaniyar 'yan adawa da ƙungiyoyin direbobi ba, da harajin motocin alfarma bai mutu da wuri ba. Illar ita ce jam'iyyar da ke waje ba ta da albashin da za ta biya ko bashin da ake binta, don haka bakinta a sake yake. Ranar da ta hau, giɓin kasafin da ta tarar yana nan, kuma dole ta cike shi ta ɗayan hanyoyi uku: sabon haraji, ƙarin bashi, ko rage kashe kuɗi. Ta ukun ce ba a cika jin 'yan siyasa na son ambata ba, tunda ayarin motocinsu da alawus ɗinsu na ciki.

Mu a Najeriya abin bai yi mana nisa ba. Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 tana ɗauke da ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, tanadin da asalinsa ke cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA tun 2007. Kananzir da gas ɗin girki ba sa ciki, kuma dokar ta ce ba za a fara karɓa ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a hukumance. Ma'ana ƙofar a buɗe take.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo tasha ko majalisar unguwarku yana rantsuwa zai soke harajin abin hawa, kada ku tsaya ga tafi. Ku tambaye shi nawa harajin ke kawowa a shekara, da wace hanya zai mayar da gurbin kuɗin, da kuma abin da zai rage daga kashe-kashen gwamnati. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan adaidaita sahu kuma su riƙa neman kwafin ƙudurin kasafi da na haraji tun yana gaban majalisa, su halarci zaman jin ra'ayin jama'a, su kai kokensu a rubuce kafin a sa hannu.