Yadda Dogaran Jiki Ke Yaƙar Sankarar Ƙoda

Mai karatu, jikinka an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da wa'adinta. Idan ta tsufa ko ta lalace sai ta mutu, sabuwa ta maye gurbinta.

To, wa ke ba ta umarnin mutuwa? A cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne dogaran jiki. Dare da rana suna sintiri. Idan suka ga ƙwayar da ta lalace, sai su manne mata, su isar mata da saƙo cewa lokacinta ya yi. Ita kuwa ba ta gardama. Sai ta ruguza kanta daga ciki, a kwashe ɓaraguzan, kai kana barcinka ba ka sani ba.

Sankarar ƙoda tana farawa ne ranar da wata ƙwaya ta yi kunnen ƙashi. Saƙo ya zo, ta ƙi ji. Wata ma ta fi wayo. Takan ɗaura wata alama a bayanta, dogari na taɓa alamar sai jikinsa ya yi sanyi, ya ƙyale ta. Daga nan ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari.

Likitoci sun lura cewa wannan sankara ba ta cika jin allurar kashe sankara da aka saba da ita ba. Saboda haka suka koma neman hanyar ƙarfafa dogaran. Wasu masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, su suka gano abin da ke sanyaya jikin dogaran, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2018. Tun 2015 Amurka ta amince da allurar nivolumab don sankarar ƙoda. Amma ba kowa take yi wa aiki ba, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

A wurinmu dai, abin dogaro shi ne a gano cutar da wuri, a yi tiyata. Mutum yana rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya.

Alamunta su ne fitsarin jini, da ciwon kwiɓi da ya ƙi tafiya, da ƙullutu a gefen ciki. Abin da ke damuna shi ne, a karkara da an ga jini a fitsari sai a ce tsargiya ce. A yaro mai wankan kududdufi, sau da yawa haka ne. Amma magidanci da ya haura shekara 40, musamman mai shan taba ko mai hawan jini, kada ya shigo Kano ya tsaya sayen ƙwayoyi ya koma gida. A nan yankin Fagge akwai Asibitin Abubakar Imam, mai kula da cututtukan ƙoda da mafitsara. Ya je a gwada fitsarinsa, a ɗauki hoton cikinsa, ko da jinin sau ɗaya ya fito ya ɗauke.