Burga Mai Madogara: Lissafin da Ke Bayan Wasan Poka

A watan Mayun 2003, mutum 839 suka shiga babbar gasar poka ta duniya a gidan caca na Binion's Horseshoe da ke Las Vegas a Amurka, kujera ɗaya dala 10,000. Aka yi ta fafatawa har saura biyu: Sam Farha, tsohon hannu, da Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee wanda ya samu gurbi ta intanet. Wani zagaye da suka buga ya zama abin koyarwa har yau, domin ya nuna lokacin da burga take da tushe a lissafi. Caca dai sananne ne hukuncinta a addini, kuma yawancin masu yin ta asara suke kwasa. Abin dubawa a nan shi ne yadda ake yanke shawara alhali ba a san abin da ke hannun abokin karawa ba.

A irin wannan poka, mai suna Texas Hold'em, kowa yana riƙe kati biyu a ɓoye. Ana buɗe wasu biyar a tsakiyar tebur: uku a tashin farko, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe, ana zuba kuɗi a kowane mataki. Kati biyu masu lamba ɗaya haɗi ne, amma jerin lambobi biyar ya fi shi, kati biyar masu alama ɗaya kuma sun fi jerin. A wannan gasa ba a ƙayyade abin da mutum zai zuba ba, yana iya tura duk abin da ke gabansa. Wanda ya ga ba zai iya ba sai ya ajiye katinsa, ɗayan ya kwashe tulin kuɗin ko da hannunsa fanko ne.

Farha yana riƙe da sarauniya mai alamar kan mashi da lamba tara. Moneymaker yana da sarki mai kan mashi da lamba bakwai. Da aka buɗe kati huɗu, tebur ya nuna 9 da 2 da 6 da 8, uku daga ciki masu kan mashi. Farha ya haɗa tara biyu, shi ne a gaba, sai ya zuba ƙwandalolin wasa 300,000. Moneymaker bai haɗa komai ba, amma ya ɗaga zuwa 800,000.

Ba ganganci ya yi ba. Duk wani kan mashi da ya faɗo zai cika masa alama biyar, kuma sarkinsa ya fi sarauniyar Farha; irinsu takwas suka rage. Lamba 5 ko 10 za ta cika masa jeri, ƙarin kati shida ke nan. Sarki ma zai doke tara biyu, ga ƙarin uku. Kati 17 cikin 44 da suka saura, kusan kashi 39 cikin ɗari. Wannan ita ce burga mai madogara: ko dai abokin karawa ya tsorata ya ajiye nan take, ko ya biya kati ya zo ya cece ka. In hagu ta ƙiya, a koma dama.

'Yan wasa suna da gajeriyar hanyar auna wannan dama. A ƙirga katunan ceto, a ninka sau huɗu in saura kati biyu a buɗe, sau biyu in saura ɗaya. Mai jiran alama ta biyar yana da kati tara: kusan kashi 35 da kati biyu, kusan 20 da ɗaya. Mai jiran jeri ta kowane gefe yana da takwas, wanda giɓinsa ke tsakiyar jeri kuwa huɗu kacal.

A ɗauka akwai 100 a tsakiya, saura kati ɗaya, ka tura 100 ɗin da ta rage maka. In ba ka da madogara, dole abokin karawa ya riƙa ajiyewa sau ɗaya cikin biyu kafin ka mayar da uwar kuɗi. In kana da damar kashi 20, lissafi ya sauya. Duk sa'ad da ya biya, sau ɗaya cikin biyar za ka ci 200, sau huɗu ka rasa 100, wato matsakaiciyar asarar 40. Don haka in yana ajiyewa kashi 29 cikin ɗari, ka tsira.

A nan ne da yawa suke tuntuɓe, domin akwai zaɓi na uku. In kai ne na ƙarshen magana kuma ba wanda ya zuba komai, kana iya ganin katin ƙarshe kyauta, kuma wannan kaɗai darajarsa 20 ce cikin 100 ɗin da ke tsakiya. Kafin burga ta fi haƙuri riba, sai abokin karawa yana ajiyewa kusan kashi 43. Saboda haka tambayar farko a kan mutumin da ke gabanka take. Mai taurin kai da ba ya ajiye kati, ɓata kuɗi ne yi masa burga. Haka in mutum uku ne a zagayen, da wuya duka su janye. Akwai kuma haɗarin ka zuba kaɗan a mayar maka da ƙari mai nauyin da zai tilasta ka jefar da damar da kake da ita. Sannan ba kowane katin ceto ne na gaskiya ba: mai jiran alama da ƙaramin kati yana iya samun abin da yake nema, ya tarar wani ya fi shi babba.

A can teburin Las Vegas, Farha ya biya ƙarin. Katin ƙarshe ya zo lamba uku mai alamar zuciya, bai amfani Moneymaker da komai ba. Duk da haka ya tura dukan abin da ke gabansa. Farha ya daɗe yana juya lamarin, daga bisani ya ajiye hannun da ya fi ƙarfi. Ba a jima ba Moneymaker ya lashe gasar da dala miliyan 2.5. Ƙarin farko ne ya sa na biyun ya karɓu, domin ya yi daidai da abin da mai cikakken hannu zai yi.

Masana lissafi sun riga 'yan caca tabbatar da wannan. A littafin da John von Neumann da Oskar Morgenstern suka fitar a 1944, wanda ya kafa ilmin nazarin dabarun gasa, an nuna cewa wanda ba ya burga sam yana cutar kansa, domin ranar da ya zuba kuɗi kowa ya san abin da yake riƙe. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru huɗu a zagaye 120,000 a birnin Pittsburgh. Ba ta ganin fuska, ba ta san tsoro ba, amma tana burga a kai a kai, saboda lissafi ya nuna mata sau nawa ya kamata, kuma da wane hannu.